Esi da damina a Kano: daga ina ruwan yake, kuma ina kuɗinka ke tafiya?

A watan Agustan bara, a ɗakin da nake haya a Gyaɗi-Gyaɗi, na farka da asuba na tarar ruwa yana bin bango daga ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda muka fi sani da esi. Ya jiƙa gefen katifa, ya jiƙa takardun bincikena da ke ƙasa. Mai gyaran da na kira ko murfinta bai buɗe ba ya ce, "Malam, gas ne ya ƙare, sai an ɗura." Da na matsa masa ya duba bututun da ke fitar da ruwa, sai ga laka cunkus a ciki. Minti goma aka yi aka busa ta, magana ta ƙare, gas kuwa yana nan lafiya lau.

To daga ina ruwan yake, tunda ba wanda ya zuba wa esi ruwa?

Daga iskar ɗakinka yake. Ka ɗauko kwalbar lemo daga firji ka ajiye a kan tebur, nan da nan za ka ga tana gumi. Ba kwalbar ce ke yoyo ba. Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma iya sanyinta iya raguwar abin da za ta iya riƙewa. Da ta taɓa abu mai sanyi sai rarar ta koma ɗigo, kamar raɓa a kan ciyawa da sassafe. A cikin esi akwai bututun jan ƙarfe da aka lanƙwasa tsakanin siraran ƙarafa, sanyinsa kan kai digiri 10 ko ƙasa da haka. Fanka tana tura iskar ɗaki ta cikinsa, ruwa yana taruwa a wani ɗan kwatami, ya bi bututu ya fita waje. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi zai iya tatsar lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya idan iska ta jiƙe sosai.

Hasali ma domin wannan aka fara ƙera na'urar. A 1902 wani injiniya ɗan Amurka, Willis Carrier, ya haɗa ta don wata maɗaba'a a Brooklyn da ke birnin New York, inda laima ke sa takarda ta kumbura har launukan bugu su ƙi hawa daidai. Sanyin da muke biyan kuɗi dominsa yau gyara ne aka samu a kan ciniki.

Wannan tatsar ba kyauta ba ce. Duk lita ɗaya ta tururi da ta koma ruwa tana sakin zafi kusan kilojul 2,400. Don ka gane girmansa, ya ninka sau bakwai zafin da ake buƙata a kai lita ɗaya ta ruwan randa zuwa tafasa. Duk wannan zafin sai esi ya kwashe shi ya fitar waje, ban da na iskar kanta. Shi ya sa da damina, ko da garin bai kai zafin Afrilu ba, mitarka ba ta samun hutun da kake tsammani.

Mu a Kano matsalarmu ta fi ta mutanen Legas sarƙaƙiya, don esinmu yanayi uku yake fama da su. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A lokacin ba a cika kunna esi ba, amma ƙura na shiga. Da bazara ma'auni ya haura digiri 40, ana kunna shi dare da rana, yana zuƙo wata ƙurar yana tarawa, sai dai babu ruwan kirki da zai wanke ta. Idan gidanka yana kusa da Titin Zariya ko Court Road, ka ƙara da ƙurar mota da ta Adaidaita Sahu. Sai damina ta sauka, a Agusta laima ta haura kashi 70. Ƙurar wata shida ta haɗu da ruwa, kowa ya san abin da za a samu: laka. Ita ce ta toshe bututuna. Ita ce kuma ke liƙe wa siraran ƙarafan nan ta hana iska wucewa, fumfuna ta samu wurin zama mai duhu da danshi. Warin tsumman da kan bugi hanci da an kunna esi daga nan yake, kuma mai asma ko yaro mai yawan mura shi zai fara gaya maka.

Idan iska ta kasa wucewa, bututun yakan yi sanyi fiye da ƙima har ya yi ƙanƙara, ɗaki kuma ya ƙi yin sanyi. A nan ne ake yawan cewa gas ya ƙare. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙona shi ake yi ba. Zagaye yake yi a rufaffen bututu, ya ɗauki zafi a ciki ya sauke a waje, ya dawo. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu. Wanda ya ɗura maka bai nemo hujin ba, ya sayar maka da ruwa ne a kwando, kuma za ka sake kiransa. Ka kuma duba takardar da ke manne a jikin na'urar waje, za ka ga R22, ko R410A, ko R32. Ba a cakuɗa su. Tsohon R22 ana kan daina amfani da shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama, don haka mai sayen tsohon esi na hannu ya sa wannan a lissafinsa.

Amma babban kuɗin ba a hannun mai gyara yake ba, a mita yake. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Mu yi lissafi da wannan farashin. Esi mai doki ɗaya da rabi, wanda ba inbata ba, yana jan kilowat ɗaya da 'yan kai. In kwamfiresonsa ya yi awa takwas yana aiki kullum, yunit takwas ke nan a ƙalla, 240 a wata, wato naira 54,000. Mai janareta kuwa, tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, nasa ya fi wannan zafi. Duk abin da zai sa kwamfireso ya ƙara awa guda a dare, ko dattin rariya ne ko taga da ba ta rufuwa, kuɗi ne a fili.

A ganina, rabin aikin ba ya buƙatar kowa. Rariyar da ke bayan murfi, ka zare ta duk sati biyu, ka wanke da ruwa, ta bushe a inuwa, ka mayar. Ka leƙa waje ka ga ko bututun ruwa yana ɗiga. Esi yana aiki a Agusta amma bututu a bushe, ka san ruwan yana neman wata hanya. Babban wanki na mai gyara kuma, in sau ɗaya za ka iya a shekara, ka yi shi a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya kankama, in sau biyu ne ka ƙara da ƙarshen Fabrairu. Ka tabbata ya wanke na'urar waje ita ma. A gidaje da yawa daga Tarauni zuwa Daurawa za ka gan ta a kejin ƙarfe saboda ɓarayi, a matse da katanga, rana na dukanta. Kejin ba laifi, matsin ne laifi, don zafin da take fitarwa shi take sake shaƙa.

Sa rimot a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, kawai yana hana kwamfireso hutawa ne. Da 24 ko 25 tare da fankar sama barci yake yi lafiya. Da damina gwada maɓallin nan mai alamar ɗigon ruwa, wanda ke rage gudun fanka don a fi tatsar laima. Babban esi a ƙaramin ɗaki ma ba burgewa ba ce: yana sanyaya iska da wuri ya tsaya kafin ya cire ruwan, ka zauna cikin sanyi jikinka na danƙo.

Sai wutar KEDCO. In an kawo ta ba ƙarfi, kwamfireso yana jan karant mai yawa yana zafi, kuma shi ne kayan da ya fi kowanne tsada a jikin esi. Sitabilaiza ya fi shi araha nesa ba kusa ba. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ka ba shi minti uku kafin ka kunna, matsin gas ya daidaita.

Ruwan bututun kuwa yanzu a bokiti nake tara shi, ina goge tsakar ɗaki ina ba shukar zogalen da ke tsakar gida. Sha dai ban da shi, don ya bi ta kan ƙura da fumfuna kafin ya iso.