Mai Haɗa Magani Da Masu Ciwon Sukari

Ciwon sukari idan aka yi sakaci da shi yakan kashe ido, ya lalata ƙoda, har ya sa a yanke ƙafa. A birnin Tucson na Jihar Arizona, ƙasar Amurka, akwai asibitin talakawa mai suna El Rio. Da yawa cikin majinyatansa 'yan asalin Meksiko ne, masu jin Sifaniyanci. A shekarar 2001 aka danƙa wa wata mai haɗa magunguna, Sandra Leal, kula da masu wannan ciwo. Takan duba awon jininsu, ta ƙara ko ta rage magani bisa yardar likita, ta kuma yi musu bayanin abinci cikin harshensu. Da suka gane yadda ake shan maganin, sai sukarin jininsu ya sauka.