Gansakukar Teku da Lissafin Dare da Rana

Duk wanda ya taɓa leƙa tsohon kududdufi ya san gansakuka. Teku ma tana da tata, sai dai mafi yawanta ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike. Duk da ƙanƙantarsu, su ne ke yin kusan rabin aikin da tsirran duniya ke yi na haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iskar kabon, su saki oksijin. A kansu kifayen teku suka dogara, haka ma masuntan da ke ci daga kifin.

Wahalar wannan gansakuka ita ce haske ba ya zama daidai a cikin ruwa. Yana raguwa da zurfi, ja ya fara ɓacewa, shuɗi ya fi nutsewa, bayan kamar mita 200 kuwa babu sauran wanda zai isa aiki. Wadda ta yi ƙasa takan ƙara yawan kulorofil, watau koren sinadarin da ke kama haske. Wadda igiyar ruwa ta ɗago sama da tsakar rana, haske kan yi mata yawa har ya nemi lalata ta. A nan, cikin 'yan mintoci, wasu irinta kan sauya wani sinadari mai ruwan ɗorawa, ya mai da rarar hasken zafi, ya baje cikin ruwa.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, ba ta jiran rana ta fito kafin ta shirya. A 1961, Woodland Hastings da Beatrice Sweeney da wani abokin aikinsu a Amurka suka bayyana binciken da suka yi a kan wata iri da ake kira Gonyaulax a lokacin. Sun ajiye ta cikin haske dishi-dishi marar sauyawa, ba dare ba rana. Duk da haka, ƙarfinta na haɗa abinci ya ci gaba da hauhawa daidai lokacin da ya kamata a ce rana ta take, ya sauka da lokacin dare, kwana da kwanaki.

Ma'ana, ƙwayar tana da agogo a jikinta, mai zagayowa cikin kimanin awa 24. Fitowar rana gyara shi kawai take yi kullum, kamar yadda ake daidaita agogon hannu da na rediyo. Amfaninsa kuwa a fili yake: wadda ta tanadi kayan aikinta tun kafin gari ya waye, hasken safiya ba ya wuce ta a banza.