Lasisin jirgi marar matuƙi: jarrabawar da ba a taɓa jirgi a cikinta

A ce ka sayi ƙaramin jirgin nan marar matuƙi, hannunka ya faɗa, sai wani ya ce ka ɗaukar masa hoton gonarsa daga sama zai biya ka. A Amurka, da ka amsa wannan aikin ka tashi daga ɗan wasa, ka zama matuƙi a idon doka. Dole sai da takardar shaida daga FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar. Ko kyauta ka yi wa shagon yayanka hoton talla, hukuncin ɗaya ne.

Dokar ita ce Sashe na 107, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2016 kan jiragen da nauyinsu bai kai kilo 25 ba. Sharuɗɗan ba su da yawa: ka kai shekara 16, ka iya Turanci, hukumar tsaro ta tantance ka, sannan ka ci jarrabawa mai tambayoyi 60 cikin awa biyu, da maki 70 cikin 100.

Abin mamakin, babu wanda zai ce ka tayar da jirgi ya gani. Taswirar sararin sama za a ba ka ka karanta, da rahoton yanayi irin na matuƙan manyan jirage. Dalili kuwa, babbar fargabar hukumar ita ce jirginka ya yi karo da mai ɗauke da mutane. Shi ya sa aka tsayar maka da ƙafa 400, wajen mita 120, tunda a yawancin wurare jiragen da ke da matuƙa ba sa sauka ƙasa da ƙafa 500. Wannan ratar ta ƙafa 100 ce tsakaninku. Kusa da manyan filayen jiragen sama kuwa sai da izini, kuma jirgin kada ya ɓace wa idonka.

Tambayoyin yanayi ma ba na ado ba ne. Iska in ta yi zafi buɗewa take yi, nauyinta ya ragu, sai farfela ta rasa isasshen abin da za ta tura ƙasa. Jirgin da ya tashi garau da asuba zai fi shan wuya da azahar, batirinsa ya ƙare da wuri.

A ganina dai akwai giɓi. Mutum na iya riƙe takardar bai taɓa saukar da jirgi cikin iska mai ƙarfi ba, don haka atisaye ya rage naka. Bayan kowane wata 24 kuma sai ka sabunta karatun ta intanet, kyauta.

In a Najeriya za ka yi aikin, wannan takardar ba za ta fisshe ka ba. Izinin hukumar NCAA ake nema, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.