Haɗa barasa a gida: me doka ta ce a Nijar da ƙetaren iyaka?

A Tsauni da sauran garuruwan da ke kewaye da Matamaye, ba a cika yin maganar barasa a fili ba, domin kusan kowa Musulmi ne kuma an san hukuncinta a addini. Amma akwai tambayar da ke tasowa a fadar samari: tun da gwamnati ba ta hana shan giya ba, har akwai mashaya a birnin Damagaram, shin mutum zai iya dafa tasa a bayan ɗaki ya sayar? Amsa ita ce a'a. Rashin hana sha bai ba kowa izinin haɗawa da sayarwa ba.

Burkutu daban, barasar tururi daban

Burkutu tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Dawa ake jiƙawa ta tsira, a dafa, a bar ta ta yi tsami, kuma ƙarfinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. Barasar tururi kuwa, irin ogogoro ta kudancin Najeriya, sodabi ta Benin ko akpeteshi ta Gana, sai an sake ɗora ruwan tsamin a wuta an tara tururinsa, har ƙarfinta ya kai kashi 40 ko fiye. Wannan ta biyun ce hukumomi suka fi sa wa ido tun zamanin Turawa.

Ranar 10 ga Satumba 1919, a garin Saint-Germain-en-Laye na Faransa, ƙasashe bakwai da suka haɗa da Faransa, Ingila da Amurka suka sa hannu kan wata yarjejeniya. Ta haramta haɗa barasar tururi a mafi yawan Afirka, har da mallakar tukunyar yin ta. Sun ce lafiyar jama'a suke karewa, ko da yake barasar da ake shigowa da ita daga Turai ta ci gaba da kawo musu kuɗin fito. Bayan samun ƴancin kai kowace ƙasa ta bi hanyarta. Gana ta halatta akpeteshi a 1962, Kenya ta halatta tata a 2010, amma dukansu da sharaɗin lasisi. A Faransa kanta, duk tukunyar tururi sai an yi mata rajista wajen ƴan duwan.

Inda dokar Nijar ke kama mutum

Hanya ta farko ita ce lasisi. Ba a buɗe wurin sayar da barasa sai da izinin hukuma. Wanda ke zuba wa mutane a kofi cikin gidansa yana karɓar kuɗi ya buɗe mashaya ke nan ba da izini ba, ko da babu allo a ƙofa.

Ta biyu haraji. Barasa na cikin kayan da ake ɗora wa haraji na musamman a Nijar da sauran ƙasashen UEMOA, kamar taba. Wadda aka haɗa a ɓoye ba ta biya ko dala ba, don haka ma'aikatan haraji da ƴan duwan na da hurumin shiga maganar.

Ta uku tsabta. Dokar tsabtar jama'a ta bai wa jami'an kiwon lafiya ikon binciken abinci da abin sha da ake sayar wa mutane, su kuma ƙwace wanda ke da haɗari.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi. Kundin hukunta laifuka, wanda aka fara kafawa a 1961, ya tanadi horo a kan maye a bainar jama'a da kuma shayar da yara. Idan kuwa wani ya makance ko ya mutu da abin da aka sayar masa, magana ta wuce tara. Jandarma za su miƙa mai kayan ga mai shari'a, kuma cewa "ban yi niyya ba" ba ya hana gidan kaso.

Da an ƙetare iyaka

Daga Matamaye, hanyar Ɗan Barto na shiga Najeriya ta Kwangwalam zuwa Daura. Tun shekarar 2000 jihohin Katsina, Jigawa da Kano ke aiki da shari'ar Musulunci, inda shan barasa, haɗa ta ko sayar da ita laifi ne ga Musulmi, da hukuncin da ya kai ga bulala. A Kano, Hisba kan farfasa dubban kwalabe a gaban jama'a. Ɗan kabu-kabu ko direban da aka bai wa jarka ya kai wani ƙauye can ciki, shi za a kama da ita a hannu, kuma katin zama ɗan Nijar ba zai fitar da shi ba.

Abin da ido ba ya gani

Babban haɗarin barasar ɓoye shi ne wani sinadari mai suna metanol. Kamanninsa da warinsa kusan ɗaya ne da na barasar sha, harshe ma ba ya rarrabe su. Wasu masu sayarwa kan tsarma irin wanda ake amfani da shi a masana'antu, saboda ya fi arha kuma yana ƙara wa jarka auki. Abin da bai wuce cokali ɗaya ba na iya makantar da mutum, cokali biyu zuwa uku na iya kisa. A watan Yunin 2015, mutum kusan 70 suka rasu a jihar Ribas ta Najeriya bayan sun sha ogogoro mai metanol. A Iran, inda aka haramta barasa, ɗaruruwa suka mutu ta wannan hanya a farkon 2020. Ban da wannan, tukunyar da aka haɗa da tsohon lagireton mota na zuba dalma cikin abin sha, tururin kuma na iya tayar da gobara.

Metanol ba ya nuna kansa nan take. Mutum kan wuni ko ya kwana kamar lafiya lau, sannan ciwon kai, amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya yi sauri, gani ya dushe kamar an shiga hazo. A nan ne kunya ke kashe mutane: iyali su ɓoye marar lafiya a ɗaki suna jiran maye ya sake shi. Duk wanda aka ga waɗannan alamu a jikinsa, a kai shi gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba, a faɗa wa ma'aikatan abin da ya sha da lokacin da ya sha, don su san ko za su tura shi asibitin Matamaye ko babban asibitin Damagaram. A kuma nemi waɗanda suka sha tare da shi, ko da su ba su fara jin komai ba tukuna.