Yadda Tsatsa Ta Riƙe Muryar Mutane

Kowa ya san tsatsa, amma ba kowa ya san 'yar'uwarta ce ta yi shekara da shekaru tana adana muryoyin mawaƙa da jawaban shugabanni a gidajen rediyo ba. Abin nan mai ruwan ƙasa da ke shafe a jikin zaren rikoda da na kaset, garin ƙarfe ne wanda ya haɗu da iska, mai karɓar maganaɗisu.

A shekarar 1928 wani Bature, Fritz Pfleumer, ya shafa irin wannan gari a kan takarda a ƙasar Jamus don ɗaukar magana. A 1935 kamfanin AEG ya nuna na'urar a birnin Balin. Garin da aka yi ta aiki da shi a zamanin nan ƙwayoyinsa dunƙulallu ne, riƙonsu kuwa ba ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga ƙwayoyi dogaye sirara, sai ka ce allura, sa'an nan murya ta zauna daram.

To, ina dalili, alhali sinadarin guda ne? Kowace ƙwaya ƙaramin mayen ƙarfe ce mai kai biyu, na arewa da na kudu. In dunƙulalliya ce, ba gefen da ya fi wani tsawo, saboda haka abu kaɗan ya isa ya karkatar da ita. Doguwa kuwa, maganaɗisunta kwanciya yake yi bisa tsawonta, ba ya juyawa sai an tilasta shi da ƙarfi. Wannan taurin kai shi ake nema, gama shi ke hana magana gogewa. Stoner da Wohlfarth, masana a Ingila, sun bayyana lissafinsa a 1948. Malamin makaranta yana iya nuna wa yara misalinsa: ya goga allura da mayen ƙarfe, ya ɗora ta a kan ganye cikin ƙwaryar ruwa, za ta juya ta fuskanci arewa.

Ƙwayoyin nan fa ba feƙe su ake yi ba, gama dubu daga cikinsu in an jera ba su kai milimita guda ba. Wani irin tama ne mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira gotait, shi ke tsirowa kamar allura da kansa. Akan gasa shi a hankali har ya rikiɗa, siffarsa kuwa ba ta sake ba. Sa'an nan a kwaɓa shi da danƙo a shafa a zare, a bi da shi ta gaban mayen ƙarfe tun yana ɗanye, alluran duka su miƙe sahu ɗaya kafin ya bushe.