Idan Takardar Kora Ta Riga Ta Likita

Ma'aikacin gwamnatin Najeriya da ciwo ya kwantar yana iya barin aiki ta hanya biyu, kuma takardar da ta riga fitowa ce ke yanke masa makoma. In likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya aiki ba aka yi masa ritaya, Dokar Fansho ta 2014 ta ba shi damar fara cin kuɗin asusunsa na fansho ko bai kai shekara 50 ba. In kuwa kora ta riga, sai ya shiga layin waɗanda suka rasa aiki: ya jira wata 4, ya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, sauran sai ya cika 50.

Tun da gwamnatoci suka matsa wajen tantance ma'aikata don kakkaɓe na bogi, rashin zuwa aiki ya zama laifin da aka fi saurin kamawa, kuma a dokokin aikin gwamnati hukuncinsa na iya kaiwa ga kora. Manufar ba ta da aibu. Sai dai na'urar ɗaukar yatsa ba ta bambanta ɗan bogi da malamin makarantar da ɓarin jikinsa ya shanye. Irin wannan malami 'yan uwa kan kwashe shi zuwa gida, a yi ta rubutu da sassaƙe, ba wanda ya tuna da takardar hutun rashin lafiya. Takardar tuhuma tana can cikin fayil, babu mai amsa ta. Mai taɓin hankali ya fi shiga uku, domin alamomin ciwonsa, wato fashin aiki da faɗa da shugabanni, su ake rubutawa a matsayin laifinsa, iyali kuma suna ɓoyewa saboda kunya.

Tsarin adashen fansho da aka fara a 2004 ya rage zafin abin, tunda kuɗin da ke asusun mutum nasa ne ko an kore shi. Amma kamfanin fansho kan nemi takardar ritaya daga ma'aikatar, ga shi ma'aikatar ta riga ta rubuta kora. In ciwon a bakin aiki ya same shi, Dokar Biyan Diyya ta 2010 tana son a kai buƙata ga hukumar NSITF cikin shekara ɗaya, lokacin da iyali ke fama da jinya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, amma wanda albashinsa ya tsaya da me zai ɗauki lauya?

A ganina gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Kafin kwamitin ladabtarwa ya sa hannu kan korar wanda ya daina zuwa aiki, a tura jami'i gidansa ya gani da ido. In an tarar da shi kwance, a miƙa fayil ɗin ga kwamitin likitoci tukuna. Wanda kuma aka riga aka kora, in takardun asibiti sun nuna ciwon ya riga korar, a mayar da ita ritaya.