FARAUTAR BAREWA A DUWATSUN AMURKA: MAI KUƊI DA JAGORA, TALAKA DA ƘAFARSA

A kowace shekara, da zarar watan Satumba ya kama, sai dubban mafarauta su ɗaure kayansu su nufi manyan duwatsun nan na yammacin Amurka da ake kira Rocky, waɗanda suka ratsa jihohin Colorado da Wyoming da Idaho da Montana har suka shiga ƙasar Kanada. Abin da ke kai su kuwa shi ne wata irin barewa da Turawa suka laƙaba wa suna mai kunnen alfadari, saboda tsawon kunnuwanta da faɗinsu.

Su dai mafarautan nan sun kasu kashi biyu. Akwai wanda zai biya kuɗi masu yawa ya ɗauki ɗan jagora, akwai kuma wanda zai saɓa kayansa a baya ya hau dutsen shi kaɗai ko da abokinsa. Dukansu abu guda suke nema, watau namijin da ya fi saura girman ƙaho. Amma kuwa tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa, har ta haifar da wata tambaya da ta kai gaban kotunan ƙasar: shin namun dajin nan na jama'a ne duka, ko kuwa na masu hannu da shuni ne?

ABIN DA AKE NEMA

Ita wannan barewa ta fi irin wadda aka sani a ƙasar Hausa girma ƙwarai, domin ƙosasshen namiji yakan wuce kilo 100. Ƙahonsa kuma ba kamar na rago ko na sa ba ne, domin rassa yake yi kamar itace, kowane reshe ya rabu biyu. Abin mamaki shi ne, ƙahon nan yakan faɗi a ƙarshen kowane hunturu, sa'an nan wani sabo ya tsiro. Sai namiji ya shekara biyar ko fiye kafin ƙahonsa ya kai girman da mafarauta ke alfahari da shi, wanda ya kai waɗannan shekaru kuwa ya riga ya san mutum, ya san ƙarar bindiga, ba ya fitowa fili sai da asuba ko da almuru.

Akwai wata ƙungiya mai suna Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa tare da abokansa a shekarar 1887, tun kafin ya zama shugaban Amurka. Ita ce ke auna ƙahonin ta rubuta a littafinta. Sai an bar ƙaho ya bushe kwana 60, sa'an nan a auna tsawon rassansa da kaurinsu da faɗin tsakaninsu da inci, a haɗa lissafi. A cikin ƙahonin da ɓangarorinsu biyu suka daidaita, wanda ya fi duka shi ne na namijin da Doug Burris ya harbe a Colorado a 1972, mai maki 226 da rabi. A cikin masu rassa barkatai kuwa, na Ed Broder ne, wanda ya harbe a lardin Alberta na Kanada a 1926, mai maki fiye da 355.

LASISI KAFIN BINDIGA

Ko da jagora ko babu, ba mai ɗaukar bindiga sai da lasisi. A dokar Amurka namun daji ba mallakar kowa ba ne, amana ce ta jama'a a hannun gwamnatin jiha. Saboda haka kowace jiha ta yanka ƙasarta gunduma-gunduma, ta ƙayyade yawan barewar da za a harbe a kowace guda. Inda masu nema suka fi lasisin yawa sai a yi ƙuri'a. A jihohi kamar Colorado da Wyoming, wanda bai dace ba yana iya tara maki guda a kowace shekara, wanda zai ƙara masa dama nan gaba. Akwai gundumomin da mutum zai shekara ashirin yana jira kafin ƙuri'a ta faɗo kansa.

To, amma iya kuɗinka iya shagalinka. Wasu jihohi sukan ware 'yan lasisi kaɗan su yi gwanjonsu, a zuba kuɗin a aikin kula da daji. A shekarar 2016 an sayar da lasisin harbin barewa guda ɗaya tak a tsibirin Antelope na jihar Utah a kan dala 410,000. Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa kuɗin yana gyara makiyayar da kowa zai amfana da ita, masu suka kuwa suna cewa an bai wa attajiri damar tsallake layin da talaka ya tsufa a cikinsa.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Wanda ya ɗauki jagora ya sayi sanin wuri ne. Kamfanin jagorar shi ke kawo dawakai da alfadarai da tantuna da mai dafa abinci. Tun cikin watan Agusta 'yan jagorar suke hawa duwatsun da madubin hangen nesa, suna lura da inda manyan mazajen ke kiwo da inda suke kwanciya. Yawanci tafiyar takan ɗauki kwana biyar zuwa mako guda, kuɗinta kuma yakan wuce dala 5,000, ban da kuɗin lasisi da tukuicin ɗan jagora. Wasu kamfanonin ma sukan yi hayar filayen manyan makiyaya inda ba mai shiga sai baƙinsu.

A wasu wuraren kuwa ɗaukar jagora tilas ne. A Wyoming, wanda ba mazaunin jihar ba ne, ba shi da izinin farautar manyan namun daji a ƙungurmin dajin da gwamnatin tarayya ta keɓe, sai da jagora mai lasisi ko rakiyar wani ɗan jihar. Haka kuma baƙon da ya je lardin British Columbia daga wata ƙasa, doka ta ce sai da rakiya. Duk da haka, ba jagoran kirki da zai yi wa mutum alkawarin cewa lalle zai harbi wani abu, domin barewar ba a ɗaure take ba.

ZOMO BA YA KAMUWA DAGA ZAUNE

Shi kuwa mai tafiya ba jagora, jarinsa ƙafarsa ce da haƙurinsa. Yakan nufi filayen gwamnatin tarayya, waɗanda suka kai miliyoyin eka kuma kowa yana da ikon shiga. Shi zai ɗauki tantinsa da abincinsa da ruwansa, ya hau inda tsayin dutse ya wuce mita 3,000, inda iska ke da ƙaranci har baƙo ya riƙa haki da ciwon kai. Dusar ƙanƙara tana iya rufe shi a dare guda.

Wahalar gaske kuwa tana farawa ne bayan harbi. Dokokin jihohin nan sun hana mutum ya yanke kai ya bar nama a daji, wanda ya yi haka yana iya rasa lasisinsa ban da tara. Saboda haka dole ne ya feɗe dabbar a nan inda ta faɗi, ya yi ta jigilar naman a bayansa, wani lokaci sawu biyu ko uku, tafiyar mil da yawa.

Bugu da ƙari, ko filin gwamnatin ma ba koyaushe ake samun hanyar shigarsa ba. A kudancin Wyoming filayen gwamnati da na masu zaman kansu suna jere ne kamar gidajen dara, ba sa haɗuwa sai a kusurwa. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga jihar Missouri suka kafa tsani a irin wannan kusurwa, suka tsallaka daga filin gwamnati zuwa wani ba tare da sun taka ƙasar kowa ba. Mai filin da ke gefe ya kai su ƙara, amma a watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa ba su karya doka ba. Wannan hukunci ya faranta ran ƙananan mafarauta matuƙa.

ITA KUMA BAREWAR FA?

Yayin da ake wannan ja-in-ja, garken barewar ya ragu a wurare da dama idan aka kwatanta da shekarun 1950 da 1960. Dabbar mai ƙaura ce, takan hau dutse lokacin zafi ta sauko lokacin sanyi, har akwai wani garke a Wyoming da ke tafiyar kimanin mil 150 tsakanin Red Desert da Hoback. Tituna da shingayen waya da sababbin gidaje da rijiyoyin gas duk suna tare mata hanya. Akwai kuma wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa da ramar da jiki, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967, har yanzu kuwa ba ta da magani. Mugun hunturun 2022 zuwa 2023 ya hallaka barewa masu ɗimbin yawa a yammacin Wyoming, har hukuma ta rage lasisi.

Kuɗin kula da dajin kuwa kaso mai tsoka daga cikinsa daga aljihun mafarauta yake fitowa, ta hanyar lasisi da harajin kashi 11 cikin ɗari da ake ɗora wa bindigogin farauta da harsasai, wanda wata dokar 1937 ta keɓe domin namun daji. Attajirin da ke bisa doki da talakan da ke tafe a ƙasa duk suna biyan wannan haraji. Saboda haka ne masu lura da al'amarin ke gargaɗin cewa, ranar da talaka ya ga farautar ta fi ƙarfinsa ya ajiye bindigarsa, to, dajin zai rasa mafi yawan masu biya masa da masu kāre shi a gaban hukuma, shi kuma ɗan jagora ba zai sami abin da zai nuna wa baƙonsa ba.